Ƙofar Fita da Kuɗin Guzuri: Nazari a kan Muhawarar Ɓallewar Sikotland daga Birtaniya

Tsakure

Wannan takarda ta duba muhawarar da ake yi a kan ko ya dace Sikotland, mai mutane kimanin miliyan 5.4, ta fice daga haɗakar da ta shiga da Ingila a 1707. An bi asalin haɗakar, an auna hujjar siyasa ta masu son ɓallewa da hujjar tattalin arziki ta masu son a ci gaba da zama tare, sannan an waiwayi abin da ya faru a Kwibek da Kataloniya da tsohuwar Cekoslobakiya. Takardar ta tsaya a kan cewa masu neman 'yancin kai ba su gama amsa tambayar kuɗi ba, ita kuma gwamnatin Landan ba ta da hujjar barin maganar fita babu rubutacciyar ƙa'ida.

1.0 Gabatarwa

A ranar 18 ga Satumba 2014 aka miƙa wa mutanen Sikotland takardar ƙuri'a mai tambaya guda: shin Sikotland ta zama ƙasa mai cin gashin kanta? Akwati biyu ne a ƙasan tambayar, na e da na a'a. Kashi 84.6 cikin 100 na masu rajista suka fito, har da matasa 'yan shekara 16 da 17 da aka ba damar zaɓe a karon farko. Da aka ƙirga, mutum 2,001,926 suka ce a zauna, 1,617,989 suka ce a fita, wato kashi 55.3 da kashi 44.7. Babu wanda ya ɗauki makami, kuma washegari shugaban gwamnatin yankin, Alex Salmond, ya amince da kaye ya sanar da cewa zai sauka.

Mu da muka tashi da labarin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, da zarar mun ji maganar ɓallewa sai jini ya zo mana a rai, kuma kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya rufe babin tun a sashe na 2, inda ya ce ƙasar ba ta rabuwa. Amfanin nazarin Sikotland shi ne a can an cire bindiga daga lissafin. Abin da ya rage shi ne tsurar tambayar: yaushe ne ƙaramar al'umma ke da gaskiya idan ta ce za ta tafi, kuma me babbar abokiyar zamanta ke da haƙƙin ce mata?

2.0 Yadda Aka Haɗu

Ba da yaƙi aka ci Sikotland ba, kuma duk muhawarar yau a kan wannan ta ginu. A 1603 Sarkin Sikotland James na Shida ya gaji gadon sarautar Ingila, ƙasashen biyu suka koma sarki ɗaya, majalisa biyu. A ƙarshen ƙarnin, attajirai da talakawan Sikotland suka zuba dukiya mai yawa a yunƙurin kafa zangon ciniki a Darien, a ƙasar Panama ta yau. Zazzaɓi da yunwa da sojojin Sifaniya suka tarwatsa shirin tsakanin 1698 da 1700. Cikin wannan karayar arziki aka ƙulla yarjejeniyar da ta fara aiki ranar 1 ga Mayu 1707. Ingila ta biya kimanin fam 398,000, wani kaso nasa ya tafi ga waɗanda suka yi asara a Darien, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwar Sikotland kasuwanninta. An yi tarzoma a titunan Edinbara da Gilasgo, amma majalisar Sikotland ta sa hannu ta rushe kanta.

Abu uku Sikotland ta riƙe: shari'arta da kotunanta, cocinta, da tsarin karatunta. Shi ya sa bayan shekara ɗari uku ba ta narke ta zama lardin Ingila ba. Ya kamata kuma a faɗa ƙarara cewa 'yan Sikotland abokan cin moriyar daular Birtaniya ne. Sun cika rundunoninta da ofisoshin mulkin mallakarta, kuma Gilasgo ta yi ƙiba da cinikin taba da sukari da bayi suka noma. Duk mai son kwatanta Sikotland da ƙasashenmu da aka mallaka da bakin bindiga ya zalunci tarihi.

3.0 Hujjar Masu Son Fita

Jam'iyyar SNP, uwar wannan fafutuka, an kafa ta a 1934, amma ba ta yi tasiri ba sai da Winnie Ewing ta ci zaɓen cike gurbi a Hamilton a 1967, aka kuma gano man fetur a Tekun Arewa. A Oktoban 1974 ta samu kujeru 11 a majalisar Birtaniya da kimanin kashi 30 na ƙuri'un yankin. Sai dai a ganina ba mai ne ya raya wannan magana ba. Abin da ya raya ta shi ne mutane su yi ta zaɓen abu ɗaya ana kawo musu wani.

Rabon jam'iyyar Conservative da ta zo kan gaba a yawan kujeru a Sikotland tun 1955. Duk da haka, daga 1979 zuwa 2024, shekara 32 cikin 45 firaministan Birtaniya ɗanta ne. Kashi 8 kacal na mutanen Birtaniya ke zaune a Sikotland, don haka duk inda Ingila ta karkata nan ƙasa ke karkata. A zamanin firaminista Margaret Thatcher aka fara karɓar harajin kai, wanda attajiri da lebura ke biya daidai wa daida, a Sikotland a 1989, shekara guda kafin a kai shi Ingila. Masana'antar ƙarfe ta Ravenscraig ta rufe a 1992. A zaɓen 1997 Conservative ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba a yankin, kuma a shekarar kashi 74.3 suka amince a dawo da majalisar Edinbara, wadda ta zauna a 1999 da wakilai 129.

Majalisar ta nuna cewa bambancin ra'ayin na gaske ne. Ɗalibin Sikotland ba ya biyan kuɗin jami'a a gida, an soke kuɗin maganin da likita ya rubuta tun 2011, kuma a 2021 aka fara biyan iyalai marasa ƙarfi tallafin mako-mako a kan kowane yaro. Masu son fita suna cewa ga abin da aka yi da guntun iko, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Suna nuna Faslane, a gaɓar mashigin ruwan Clyde, kimanin kilomita 40 daga Gilasgo, inda jiragen yaƙi huɗu masu tafiya a ƙarƙashin ruwa ɗauke da makaman nukiliyar Birtaniya ke da mazauni. Mazauna ƙauyukan bakin ruwan suna ganin baƙin doron jirgin yana ratsawa da rakiyar kwale-kwalen 'yan sanda, alhali majalisarsu ba ta da ta cewa a kansa.

Sai babbar magana. A 2014 an ce wa masu zaɓe hanyar da ta fi tabbas ta ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai ita ce su ƙi ɓallewa. Ranar 23 ga Yuni 2016, kashi 62 na Sikotland suka zaɓi zama cikin Tarayyar, kuma dukkan ƙananan hukumominta 32 haka suka zaɓa. Birtaniya gaba ɗaya ta zaɓi fita da kashi 51.9, aka fita da su. Majalisar Edinbara ta ƙi ba da yardarta ga dokar ficewar a 2018, majalisar Birtaniya da ke Westminster ta zartar ba tare da ita ba. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuma ga amsar da ta gamsar daga ɓangaren Landan ba. An sauya sharaɗin zama bayan an gama sa hannu.

4.0 Tambayar Kuɗi

A nan zan daɗe, domin a nan ne masu fafutukar suka fi gaggawar wucewa.

Masana tattalin arziki Alberto Alesina da Enrico Spolaore, a littafinsu na 2003 a kan girman ƙasashe, sun nuna cewa babbar ƙasa tana rage wa kowane ɗan ƙasa nauyin soja da ofisoshin jakadanci da babban banki, tana kuma ba shi faffaɗar kasuwa, ita kuma ƙarama ta fi kusantar abin da mutanenta ke so. Idan ciniki ya buɗe tsakanin ƙasashe, ribar girma sai ta ragu. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce Sikotland ta yi ƙanƙanta. Norwe da Denmak da Finlan da Ailan duk sa'o'inta ne a yawan jama'a, kuma suna cikin ƙasashen da suka fi wadata. Tambayar ita ce shekaru goma ko ashirin na farko, da kuma wanda zai ɗauki nauyinsu.

Na farko, giɓin kasafi. Ofishin ƙididdigar gwamnatin Sikotland da kansa ke fitar da rahoton shekara-shekara na kuɗin shiga da na kashewa. Na 2023/24 ya nuna giɓin fam biliyan 22.7, wato kashi 10.4 na arzikin da yankin ke samarwa, alhali na Birtaniya gaba ɗaya kashi 4.5 ne. Masu son fita suna cewa wannan hoton Sikotland ne a cikin haɗaka, ƙasa mai 'yanci za ta tsara kasafinta dabam. Gaskiya ne, amma daga wannan hoton za a fara. Ana kashe wa kowane mutum a Sikotland fiye da yadda ake kashe wa na Ingila, ta hanyar tsarin rabon kuɗi na Barnett da aka soma a 1978. Ranar da aka fita wannan famfo zai rufe, sai dai a ƙara haraji, ko a rage ayyuka, ko a ci bashi da ruwa mai tsada. Tarayyar Turai da ake son komawa kuwa ƙa'idarta giɓi kada ya wuce kashi 3, kuma shiga sai da yardar ƙasashe 27 baki ɗaya.

Na biyu, mai. Kundin shirin 'yancin kai mai shafi 670 da gwamnatin Salmond ta fitar a Nuwamban 2013 ya yi hasashen harajin mai na fam biliyan 6.8 zuwa 7.9 a 2016/17, shekarar da aka so ta zama ta farko a 'yanci. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100. Zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, kuma abin da ya shigo a waccan shekara bai kai fam miliyan 300 ba. Mu 'yan ƙasar da kasafinta ke rataye a kan ganga mun san ma'anar wannan a albashin malami da maganin asibiti. Haushin da 'yan Sikotland ke ji idan sun dubi Norwe yana da dalili: Norwe ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, ya haura dala tiriliyan ɗaya a 2017, ita kuwa Birtaniya ta cinye nata a kasafin yau da gobe. Amma wannan hujja ce ta 1975. Rijiyoyin sun tsufa, haƙo ya daɗe yana raguwa, kuma ba a kafa ƙasa a kan abin da aka riga aka kashe.

Na uku, wane kuɗi za a kashe? Wanda ya taɓa zuwa Edinbara zai ga takardun fam na bankuna uku na yankin, masu hotunan marubuta da gadoji da dabbobin ƙasar, har wani lokaci mai shago a Landan ya juya takardar yana tantama. Sai dai kowace takarda a cikinsu tana da madogara da doka ta wajabta a ajiye a ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Ingila, kuma shi ke yanke kuɗin ruwa. A 2014 Salmond ya ce za a ci gaba da tarayya a fam. A Fabrairun shekarar ministan kuɗi George Osborne ya je Edinbara ya ce ba za a yi ba, manyan jam'iyyun Landan suka mara masa baya. A 2018 kwamitin da SNP ta kafa ƙarƙashin Andrew Wilson ya ba da shawarar a yi ta amfani da fam na tsawon lokaci ko babu yarjejeniya, wato ƙasa ba ta da bankin da zai cece ta ranar tsanani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da bankinta guda, RBS, ya lashe fam biliyan 45.5 na ceto a rikicin 2008. A 2022 gwamnatin yankin ta koma cewa za a buga sabon kuɗi da zarar hali ya yi. Matsayi uku ke nan cikin shekara takwas, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Cek da Silobakiya sun rabu lami lafiya ranar 1 ga Janairu 1993 da niyyar riƙe kuɗi ɗaya na ɗan lokaci. Mutane suka yi ta kwashe ajiyarsu daga Silobakiya zuwa bankunan Cek, tarayyar kuɗin ta watse cikin kwana 38.

Na huɗu, iyaka. Tsawonta kilomita 154, kuma a yau allo ne kawai a gefen titi a Gretna ko kusa da Berwick, manyan motocin kifi da katako suna wucewa ko birki ba sa takawa. Kimanin kashi 60 na abin da Sikotland ke sayarwa a waje da yankinta sauran sassan Birtaniya yake tafiya. Idan ta koma Tarayyar Turai, Ingila kuma tana waje, wannan allo zai zama shingen kwastan. Ficewar Birtaniya daga Turai ta ƙarfafa hujjar fita a siyasance, ta kuma tsananta tsadar fitar a aljihu, kuma duk wanda ya faɗi rabi ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi wa masu zaɓe adalci ba.

Akwai kuma abin da ba na kuɗi ba. Lafiya da ilimi suna hannun Edinbara tun 1999, amma a 2020 mutum 1,339 suka mutu ta dalilin miyagun ƙwayoyi a Sikotland, adadin da ya fi na ko'ina a Turai idan aka auna da yawan jama'a. Ba kowane laifi ne na Landan ba. Tsibiran Orkney da Shetland kuwa, inda man yake kusa da su, sun ƙi ɓallewa da kashi 67 da kashi 64, domin su Edinbara ma nesa take.

5.0 Wa ke Riƙe da Mabuɗi?

Mai karatu zai zaci daga nan zan ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin duk abin da na lissafa dalili ne na mutum ya jefa ƙuri'ar a'a, babu ɗaya a ciki da ya zama dalilin hana shi ƙuri'ar.

Zaɓen 2014 ya yiwu ne saboda firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya ga dama, ya sa hannu a Yarjejeniyar Edinbara ranar 15 ga Oktoba 2012. Da magajiyar Salmond, Nicola Sturgeon, ta nemi a sake, firaminista Theresa May ta ce lokaci bai yi ba a 2017, magajinta Boris Johnson ya ƙi a 2020, yana tunatar da cewa shugabannin SNP da bakinsu suka kira zaɓen farko damar da ba ta zuwa sai sau ɗaya a zamani. A 2021 jam'iyyun da ke son 'yanci suka ci kujeru 72 cikin 129 na majalisar Edinbara. Ranar 23 ga Nuwamba 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya, ƙarƙashin Lord Reed wanda shi kansa ɗan Sikotland ne, ta yanke da murya ɗaya cewa majalisar Edinbara ba ta da ikon kiran ƙuri'ar sai da yardar Westminster. Ta kuma ƙi hujjar 'yancin zaɓar makoma ta dokar duniya, domin Sikotland ba ƙasar da aka mallaka ko aka danne ba ce. A shari'ance hukuncin daidai ne, ya kuma yi daidai da ra'ayin masanin falsafa Allen Buchanan, cewa ɓallewar gaban kai magani ne na zalunci mai tsanani kawai. Amma ya bar ƙasar a wani hali: ana cewa zaman na son rai ne, kuma babu wanda ya iya faɗin abin da 'yan Sikotland za su yi, komai yawansu, a buɗe musu ƙofa.

Bahaushe ya san wannan a gandu. Ƙane zai iya shekara da shekaru yana noma tare da wansa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kuma sau da yawa zaman ya fi masa riba. Amma kowa ya san akwai ranar da zai iya cewa a yanka masa nasa, akwai dattawan da za su zauna, akwai yadda ake raba gona da bashi. Sanin haka ne ke sa zaman ya zama zumunci.

Kanada ta fahimci wannan bayan ta sha da ƙyar a 1995, lokacin da lardinta na Kwibek ya ƙi ɓallewa da kashi 50.6 kacal. Kotun Ƙolinta ta ce a 1998 lardi ba shi da ikon fita shi kaɗai, amma idan rinjaye bayyananne ya amsa tambaya bayyananniya, wajibi ne sauran ƙasa ta zauna a tattauna. Aka mayar da wannan hukunci doka a 2000, kuma har yau ba a sake ƙuri'ar ba. Sifaniya ta bi ɗaya hanyar: ranar 1 ga Oktoba 2017 'yan sanda suka shiga rumfunan ƙuri'ar ɓallewar yankin Kataloniya da kulake, daga baya aka ɗaure jagororin shekara 9 zuwa 13, sai a 2021 aka yi musu afuwa. Ƙaramin tsibirin Nevis ma kundin 1983 ya ba shi damar rabuwa da Saint Kitts idan kashi biyu cikin uku suka yarda. A 1998 aka samu kusan kashi 62, aka ci gaba da zama. Birtaniya kanta ta rubuta irin wannan ƙa'ida ga Ailan ta Arewa a 1998: idan alamu suka nuna rinjaye na son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, dole a kira ƙuri'a, kuma ba a maimaitawa sai bayan shekara bakwai. Abin da aka ba Ailan ta Arewa babu dalilin hana Edinbara.

Kada kuma Landan ta ruɗu da faɗuwar SNP a zaɓen Westminster daga kujeru 56 cikin 59 a 2015 zuwa 9 cikin 57 a 2024. Jam'iyyar ce ta faɗi, bayan sauya shugabanni daga Sturgeon zuwa Humza Yousaf zuwa John Swinney cikin ƙasa da shekara biyu. Goyon bayan 'yancin kansa yana nan yana kai da kawo a kusa da rabi, kuma ya fi ƙarfi a cikin matasa.

6.0 Matsayin Wannan Takarda

A kan shirin da ke ƙasa yanzu, ban ga ya dace Sikotland ta fita ba. Waɗanda za su fara jin zafin tsuke bakin aljihu su ne mutanen unguwannin Gilasgo da Dundee, waɗanda mafi yawansu suka jefa ƙuri'ar e a 2014, kuma ba a gaya musu farashin ba. Wajibi ne masu fafutukar su fito da matsayi ɗaya a kan kuɗin da za a kashe, da jadawalin rage giɓi mai lambobi, da yadda za a yi da iyaka. Idan mutane suka ga tsadar suka ce sun yarda, kamar yadda Ailan ta yarda a 1922 ta sha shekaru tana fama da talauci da ƙaurar matasa kafin ta miƙe, wannan zaɓinsu ne kuma abin girmamawa ne.

Ita kuma Westminster ta kafa doka da za ta fayyace abin da ke wajabta ƙuri'a, da wanda zai tsara tambayar, da rinjayen da ake bukata, da shekarun da za a jira kafin a maimaita. A yi ta yanzu da ƙura ta lafa, tare da majalisar Edinbara, kafin wani rikicin ya tilasta a yi ta cikin fushi.